Kwakwar Basirun

Ranar da aka ɗaura wa kwakwar Basirun jan ƙyalle, uwarsa Mak Jariah ce ta fara gani, don ba mai riganta sauka bakin yashi. Kullum in ta idar da asuba sai ta ɗauki tsintsiya ta je ta share gindin kwakwar, ta tsince ɓawo da tarkacen da ruwa ya kawo, tana yi tana ba ta labarin unguwa kamar mai hira da mutum. Shekara goma sha bakwai ke nan tana haka, har mun daina gani.

A tsibirinmu na Kelimbang, in mace ta sauka sai a wanke mabiyiya a binne ta a bakin yashi tare da kwakwar da ta yi tsiro, kusa da ta wanda aka haifa kafin jaririn. Wannan kwakwa tasa ce har abada, da sunansa ake kiranta, ko ruwanta ba mai sha sai ya ba da izini. In ya yi doguwar tafiya ya aiko cewa yana tafe, wanda saƙon ya fara riska sai ya ruga ya ɗaura mata ja, unguwa ta sani. In kuwa teku ya ci shi ba a ga gawa ba, uwarsa ce take ɗaura fari da hannunta, liman ya yi salla, daga ranar kwakwar ta zama kabarinsa.

Su biyar suka fita kamun kifi a kwale-kwale ɗaya, Basirun da abokansa, sa'annin juna da kwakwarsu take jere. Iska ta taso da rana tsaka, ko katako ɗaya ba a tsinta ba. Uwaye huɗu suka ɗaura fari, biyu a dama biyu a hagu, ta Basirun ta rage a tsakiya ba komai a jikinta. Duk wanda ya taɓa yi wa Mak Jariah maganar, amsa ɗaya yake samu: "Kai ka ga gawarsa? To ni ma ban gani ba." Ta ce jiragen baƙi suna tsintar mutane, wani ma sai ya shekara ashirin a wata ƙasa kafin ya gane hanyar gida. Da aka ga abin ba na ƙarewa ba ne sai aka sa mata ido.

To ga ja a jikin kwakwar, yana kaɗawa. Tsintsiya ta suɓuce mata. Idonta ya yi rauni, amma ja ai ja ne. Ba ta ko matsa ta taɓa ba, ta juya da gudu irin na tsofaffi, zane a hannu, tana kiran maƙwabciyarta tun daga nesa.

"Sapiah! Sapiah, fito! An ɗaura masa ja!"

Mak Sapiah, wadda ɗanta Hamdani yana cikin huɗun nan, ta leƙo daga saman tsani da ludayi a hannu. "Wa aka ɗaura wa?"

"Wa nake da shi? Ara mini babbar tukunyarki. Ki turo mini da abarba in kina da ita, tawa ba ta nuna ba."

Kafin hantsi gidan Mak Jariah ya turnuƙe da hayaƙi. Ta dafa romon kifi da abarba da kurkum, mai tsami da yaji, irin wanda Basirun yake ci har ya share gumi da gefen zanensa. Ta kakkaɓe tabarmarsa, ta shanya zanensa mai ratsin shuɗi da ta ajiye a ƙasan akwati. Har waƙa aka ji tana yi, ita da rabon a ji muryarta a sama tun mijinta yana da rai. Mak Sapiah tana taya ta yankan albasa, ta rasa ta inda za ta fara gaya mata ba wanda ya ji zuwan saƙo.

Wak Leman ne ya zo ya same su. Shi ne mai unguwa, kuma ƙanin marigayi mijin Mak Jariah, tsakaninsu ba a gaisawa sai da tsiya. Ya hau tsani yana nishi, ya tsaya a ƙofa bai cire hula ba.

"Kai kuma hancinka ya kawo ka," in ji ta. "Ko loma ba za ka samu ba sai mai abinci ya iso. Wa ya kawo saƙon? Ta jirgin Asabar zai zo?"

"Yaya, zauna."

Bai taɓa ce mata Yaya ba sai in magana ta yi nauyi. Ta dube shi, ludayi yana ɗiga a hannunta.

"Ba ƙyalle ba ne," ya ce. "Leda ce. Masu otal ne suka ɗaura jiya da yamma. Haka suke yi wa itacen da za su sare."

Maganar masu otal ba baƙuwa ba ce a wurinta. Shekara guda ke nan da kamfanin ya sayi gaɓar bayan dutse don gina masaukin masu yawon shaƙatawa. Can ruwa ba zurfi, jirgi ba ya tsayawa, don haka suka ce sai an yi musu matsaya a bakin yashinmu, a fasa hanya ta ratsa layin kwakwa, ta bi ta tsakiyar gidajenmu. Muka ce ba mu san zancen ba. Ranar da masu awon fili suka fara zuwa, matan unguwa suka kwaso ragar shanya kifi suka jere a hanya, Mak Jariah ce a gaba, warin ya kori mutanen nan da hankici a hanci. Aka kai ruwa rana, aka je gunduma sau uku. A ƙarshe shugaban gunduma ya yanke hukunci: duk kwakwar da mai ita ya tsaya a gindinta, da duk wadda take kabari, ba mai taɓa ta. Muka yi ta murna, har aka yanka akuya. Ashe wata ma'aikaciyar kamfanin, Bu Larasati, ta bi layin nan da takarda itace bayan itace, ta samo guda ɗaya da ba mai tsayawa a gindinta kuma ba fari a jikinta. In aka cire ta, tsakanin ta dama da ta hagu ya ishi mota wucewa.

"Ni zan tsaya," in ji Mak Jariah. "Ba ni na haife shi ba?"

Wak Leman ya sunkuyar da kai. "Da bakinmu muka ɗaure kanmu, Yaya. Kin tuna da wani ya so sayar musu da na 'ya'yansa? Mu muka rantse a gaban shugaban gunduma cewa ko uwa ko uba ba su da iko da kwakwar ɗansu. An rubuta. Ran Alhamis shugaban zai zo ya duba da idonsa."

Ba ta yi kuka ba, kuma wallahi da ta yi da ya fi mana sauƙi. Ta juya ta rage wutar murhu, ta sauke zanen mai ratsin shuɗi ta ninke shi gida huɗu. Sannan ta ce wa Mak Sapiah, "Kira yara su zo su ci, kada abinci ya lalace." Ta zuba wa Wak Leman nasa a kwano ta tura masa. Ya ci yana hawaye, ya ce yaji ne.

Da la'asar maza suka taru a barandar masallaci. Kowa ya san mafita ɗaya ce, kowa yana jiran wani ya faɗa. Wani mai gajen haƙuri ya ce ai sai a samo farin ƙyalle a je a ɗaura, tsohuwa ta wayi gari ta gani, shi ke nan.

"Hannun da ya ɗaura sai na karya shi," in ji Wak Leman. "Kabarin sata za mu yi wa yaron? Mu da muke cewa baƙi ba su san darajar abinmu ba?"

"To gidajenmu fa? In hanya ta shigo, rijiya ta tafi, mashanyar kifi ta tafi. Gobe kuma su ce warinmu yana damun baƙinsu, mu tashi. Saboda mutum ɗaya da kowa ya san..."

"Ƙarasa mana. Je ka ƙarasa a gabanta in kai namiji ne."

Ba wanda ya je. Aka watse kowa yana jin haushin kowa, ana satar kallon gidan Mak Jariah.

Ita kuwa ba abin da ya ɓuya mata, unguwarmu ai bango ba ya riƙe magana. Kwana biyu ba ta sauka bakin yashi ba, tana jin kunyar kwakwar, tana jin haushin ledar. Mata suna wucewa su gaishe ta da wata irin ladabi da ta fi zagi ciwo. Ran Laraba da hantsi Mak Sapiah ta hawo da kwakwa biyu da magogi, ta zauna ta hau guga ba tare da an ce mata zauna ba.

"In aiko ki aka yi, tashi ki koma," in ji Mak Jariah.

"Wa ya isa ya aike ni? Magogina ya dakushe, naki na zo ara."

"Ga naki nan a hannunki, munafuka."

Suka yi dariya kaɗan, dariyar ta mutu. Sai ƙarar magogi. Can Mak Jariah ta ce, ba ta dube ta ba, "Ranar da kika ɗaura wa Hamdani, me kika ji?"

Mak Sapiah ta dakata da guga. "Na ji kamar ni na danna kansa cikin ruwa. Wata uku ban bi ta wajen ba. Daga baya kuma... ai kin gan ni ran Juma'a. Nakan je in zauna in yi masa faɗa. Da can ban san inda zan fuskanta in yi masa addu'a ba, teku faɗi gare shi. Yanzu na san inda yake."

"In ya dawo ya tarar na ɗaura masa fari fa? Ya ce Mak ta gaji da jirana?"

"Jariah, tsakaninki da Allah, kina ganin zai dawo?"

Shekara goma sha bakwai ba wanda ya yi mata tambayar nan kai tsaye. Ta daɗe tana murza bakin zanenta.

"Shekaranjiya da na ga jan nan," ta ce, "ina gudu ina murna, amma can ƙasan zuciyata wani abu yana ce mini ƙarya ne. Na sani, Sapiah. Tun shekarar farko na sani. Amma muddin ban ɗaura ba, ina da abin yi da safe. In na ɗaura, me zan tashi in jira?"

Mak Sapiah ta ajiye magogin. Ta matso ta kama hannunta da hannunta mai danshin kwakwa, suka zauna haka har aka kira azahar.

Ran Alhamis tun da safe bakin yashi ya cika. Ban taɓa ganin unguwarmu kamar ranar ba. Kowa ya je ya tsaya a gindin tasa: tsofaffi a can farkon layi ƙarƙashin dogaye masu lanƙwasa, magidanta a tsakiya, 'yan makaranta kusa da waɗanda ba su fi su tsawo ba, masu jego riƙe da jarirai a gaban tsiron da bai kai gwiwa ba. Masu aiki a birni sun biyo jirgin Laraba, har da wanda ya bar matarsa a asibiti. Wani tsoho da ba ya iya tafiya aka ɗauko shi a kujera aka jingina shi da tasa, yana ta masifa wai an ajiye shi a rana.

Shugaban gunduma ya sauko daga jirgi da hularsa, Bu Larasati tana biye da takardunta. Ba muguwar mace ba ce, a gaskiya. Yarinya ce mai natsuwa, tana gaida manya da hannu biyu, aikinta aka ba ta take yi. Suka bi layi, shugaba yana tambayar suna, mai itace yana amsawa, wani har da ƙarin bayanin da ba a tambaye shi ba. Suka wuce fari na ɗaya, suka wuce na biyu, shugaba ya ɗaga hula. Sai suka tsaya a gaban ledar ja.

"Wannan ta wa ce?"

"Ta Basirun ce, ranka ya daɗe," in ji Wak Leman.

"Yana ina?"

Ba wanda ya amsa.

"Ina tambaya. Mai ita yana raye ko ya rasu? In yana raye ya fito. In ya rasu ina alama?"

Bu Larasati ta dubi takardarta, kamar ita ma ta ƙosa a wuce wurin.

Sai ga Mak Jariah tana saukowa daga unguwa, ba gudu ba sauri. Ta yi wanka ta shafa mai, ta sa rigarta ta zuwa biki. A hannunta farin mayafin sallarta ne, wanda ta ɗinke bakinsa da kanta, wanda a cikinsa ta yi duk roƙon da ta yi na shekara goma sha bakwai. Mutane suka dare mata. Ta ƙi kallon kowa don ta san in ta haɗa ido da Sapiah ba za ta ƙarasa ba.

Ta fara kwance ledar. Ƙullin ya yi tauri, ta sa haƙori. Da ta cire sai ta ninke ta, ta miƙa wa Bu Larasati.

"Ke kika ɗaura, 'yata?"

"Ni ce, Mak. Ban san..." Da alama wani ya riga ya gaya mata abin da ja yake nufi a nan.

"Riƙe abinki. Ban riƙe ki a zuciya ba. Kin ba ni safiya guda ina dafa wa ɗana abinci, rabona da irinta na manta. Allah ya yi miki albarka. Amma hanyarku ba ta nan ba ce."

Yarinyar ta karɓa da hannu biyu, ta rasa inda za ta sa idonta.

"Leman, ba ni wuƙarka. Kullum tana ƙugunka ba ta yanka komai."

Ya zaro ya ba ta. Ta ɗan tsaga bakin mayafin, ta ja, ƙarar yagewar ta kai har ƙarshen layi. Ta rungumi kwakwar don ta zagayo da ƙyallen, hannuwanta ba su haɗu ba, itacen ya yi kauri. Ta tsaya a haka, kuncinta manne da jikinsa, ta daɗe. Mak Sapiah ta zagaya ta baya ta miƙo mata ɗaya bakin, amma ƙullin Mak Jariah ce ta yi shi, sau biyu, ta ja da ƙarfi.

Sannan ta juyo ta fuskanci shugaban gunduma.

"Ka yi tambaya ba a ba ka amsa ba, ranka ya daɗe. Basirun ɗana ne. Ya rasu. Teku ya ci shi shekara goma sha bakwai da suka wuce, shi da abokansa huɗu. Ga kabarinsa."

Shugaba ya cire hularsa gaba ɗaya. Ya ce wa Bu Larasati ta rubuta, ta rubuta. Liman bai jira an ce masa ba, ya matso ya daidaita sahu a kan yashi, maza suka bar gindin itatuwansu suka bi shi, aka yi wa Basirun sallar da ta jira shi tun yana ɗan shekara ashirin da uku. A nan ne kukan ya zo mata, mai sauti, irin na ranar farko. Matan unguwa suka kewaye ta, ba mai cewa ta yi haƙuri, don kowa ya san ta yi.

Hanya dai ba ta bi ta unguwarmu ba. Aka ce kamfanin zai gina doguwar gada a can bayan dutse, aka ce kuma zai kai ƙara birni, wannan rigimar wata rana ce. Jirgin shugaba ya tashi, jama'a suka fara komawa gida a hankali, ba guɗa ba kiɗa, kamar masu dawowa daga maƙabarta, don daga can ɗin muke.

Kwakwar mamaci sadaka ce ga kowa, amma uwa ce take fara sha. Wak Leman ya sa aka haɗo sanda da lauje, ya tsinko ɗanya guda da kansa, ya fafe kanta ya miƙa mata. Shekara goma sha bakwai tana share gindin itacen nan, tana tara abin da ya faɗo tana ba masu jego su shuka wa jariransu, ko ɗigo ba ta taɓa kai wa bakinta ba, wai mai ita bai ba da izini ba. Ta kurɓa, ta tsaya, ta sake kurɓa.

"Ashe zaƙi gare ta," ta ce.

"A rage wa ƙanin miji mana."

"Je ka sha taka, mai ɗaci irin halinka."

Ya yi dariya yana share ido da hula, ya ja Mak Sapiah suka ba ta wuri. Ta zauna a kan yashi ta jingina bayanta da itacen, bakin farin ƙyallen yana taɓa kafaɗarta. Ta daɗe tana kallon ruwa. Sannan ta ɗaga hannu ta ɗan bubbuga gindin kwakwar, yadda take bubbuga bayansa yana jariri.

"To, ka iso," ta ce. "Sai ka zauna. Gobe zan zo da tsintsiya."